Daga Sendai zuwa Kaduna: ranar da jiniya ta yi kuka

Assalamu alaikum 'yan uwana na Kaduna, musamman mutanen Tudun Wada inda aka yanke mini cibiya. Ina fata damina ta zo muku da sauƙi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kiraye-kirayen da suka yi mini ruwa ranar 30 ga Yulin 2025, lokacin da girgizar ƙasa mai maki 8.8 ta auku a gaɓar Kamcatka ta Rasha, aka kuma yi wa gaɓar Japan gargaɗin tsunami, wato ambaliyar teku da girgizar ƙasa ke haddasawa. Inna ta kira tana cewa in tattara komatsaina in dawo, karatun ya isa haka. Washegari kuma, da labari ya zo cewa ruwan bai yi wata ɓarna a nan Sendai, birnin Japan da nake karatu, ba, wani abokina na Kawo ya aiko mini da saƙo yana dariya: "Ashe dai tsoro ne kawai irin na mutanen can." Na lallashi Inna a waya. Shi abokin nawa ne nake son ba wa amsa a bainar jama'a, don na san ba shi kaɗai ke wannan tunani ba.

Girgizar da ta fara koya mini hankali ita ce ta daren 16 ga Maris 2022. Ƙarfe sha ɗaya da rabi ta ɗan gota, wato ku a gida ana haramar La'asar. Ɗaki ya ɗan motsa, ya tsaya, na ce alhamdulillahi ta wuce. Minti biyu tsakani sai wayata ta ɗauki wata ƙara mai tayar da tsikar jiki, ba irin ta kira ba. Ban gama shiga ƙarƙashin tebur ba babbar ta iso. Firji ya taka daga bango kamar mai ƙafa, kwalbar man ja da na yi ta lallaɓawa tun daga Kasuwar Bacci ta faɗo ta tarwatse. Ba na jin akwai addu'ar da na sani da ban karanta ba a daren nan. Da safe muka ji cewa jirgin ƙasa mai gudun tsiya, Shinkansen, ya sauka daga kan layinsa kusa da garin Shiroishi.

Waccan ƙarar waya ba tsafi ba ce. Girgiza tana aiko da motsi iri biyu ta cikin ƙasa: na farko mai sauri ne amma ba shi da ƙarfi, na biyu shi ne mai rusa gini, kuma yana tafe a baya. Na'urori suna kama na farkon, saƙo ya riga na biyun isowa da 'yan daƙiƙoƙi. Daƙiƙa biyar ba komai ba ce sai ranar da kake tsaye kusa da tukunyar tafasasshen ruwa.

Abin da ba a faɗa a labarai shi ne kwanakin da ke biyo baya. Ƙasa ba ta yin shiru lokaci guda. Takan yi ta ƙananan girgize-girgize, yau uku gobe biyar, har mutum ya koma ko babbar mota ce ta wuce sai gabansa ya faɗi. Wani lokacin ma ta farkon 'yar rakiya ce. A Kumamoto da ke kudancin Japan, a 2016 an yi mai maki 6.5 ranar 14 ga Afrilu, wasu suka koma gidajensu suna ganin an gama, sai ga mai 7.3 ranar 16 ga wata ta ƙarasa gine-ginen da suka riga suka tsage. A Turkiyya ma, ranar 6 ga Fabrairun 2023, sa'o'i tara ne kacal tsakanin mai 7.8 da mai 7.5. Kada lambobin nan su ruɗe ku: ƙarin maki ɗaya yana nufin ƙarfin ya ninka kusan sau 32.

To, batun ruwa. A gefen Sendai akwai unguwar Arahama, ko in ce wurin da unguwar take a da. Ranar 11 ga Maris 2011, ƙarfe 2:46 na rana, girgiza mai maki 9 ta ɗaga ƙasan teku, kamar awa ɗaya bayan haka ruwa ya shafe unguwar. Makarantar firamarensu mai hawa huɗu ce ta tsaya, mutum 320 suka tsira a samanta. An bar ginin yadda yake don masu ziyara. Na je, na ga ƙarfen baranda a lanƙwashe kamar an murɗe kara, na ga inda ruwa ya kai a bene na biyu. Na leƙa ta taga ina neman gidaje, babu sai fili da iska. A faɗin yankin, waɗanda suka rasu da waɗanda ba a gani ba har yau sun haura 18,000.

Wata tsohuwa maƙwabciyata, wadda ke ajiye takalmi da tocila a gefen shimfiɗarta kullum, ta koya mini kalmar "tendenko". Ma'anarta, idan ruwa na tafe kowa ya yi ta kansa zuwa tudu, kada a koma neman wani. Da farko abin ya yi mini nauyi. Ni Bahaushe, in gudu in bar uwata? Ta ce ai alkawari ne ake ƙullawa tun ana zaune lafiya: kowa ya tabbata ɗan uwansa ma ya gudu, don haka ba wanda zai koma ya mutu a banza. Har yanzu ban gama sasanta wannan da zuciyata ba, amma na daina ganin rashin imani ne.

Shi ya sa a ranar ta Yuli mutanen bakin teku suka hau tudu, suka wuni cikin zafi, suka sauko ba tare da wani ya ce an yaudare shi ba. Tsunami ba igiya ɗaya ba ce, ta biyu ko ta uku tana iya fin ta farko, kuma ruwan da bai kai gwiwa ba yana kayar da ƙato. Gudun da bai zama dole ba, a wurinsu, atisaye ne aka samu kyauta.

Mu Kaduna ba mu da teku, kuma ƙasarmu ba ta kan mahaɗar manyan farantan dutsen ƙarƙashin ƙasa, inda girgiza ta fi yawa, irin na Japan, ko da yake mutanen Kwoi ba su manta da motsin da ya tsattsaga musu bango a Satumbar 2016 ba. Amma muna da kogi. Duk shekara hukumomi suna shelar ambaliya, duk shekara wani a Kigo Road zai ce bara ma haka aka ce. Ni kaina na faɗi haka a gidan Baffa, muna shan shayi, ruwa na lasar katangar baya.

Inna, jakata tana nan bakin ƙofa: ruwa, tocila, fasfo, da ƙaramar dadduma. Idan an sami mai zuwa a aiko mini da ƙuli-ƙuli in ƙara a ciki, ban da kilishi, don ba sa barin nama ya wuce filin jirgi. A gaida mutanen layinmu duka.

Naku,
ɗan Tudun Wada a Sendai