Fangalin da ruwa ya kwana a ciki

Muna aji biyu a makarantar koyon aikin jinya aka koya mana glutamet, sinadarin da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suka fi aika wa juna saƙo da shi. Na haddace, na ci jarrabawa, na watsar. Sai da na je hutu gida Kura a rani abin ya zauna mini.

Ƙanena aka tura ban ruwa gonar tumatir. Ya saki ruwan da ke gangarowa daga dam ɗin Tiga, barci ya sace shi. Gari ya waye fangali ya zama tafki, kafin kwana uku dashen ya yi yaushi ya kwanta. Baba ya tsuguna ya tumɓuko guda, saiwar ta yi baƙi tana wari, ya ce, "Ruwan da muke rigima a kansa kullum, yau shi ya kashe mana shuka."

Ashe darasin nan ke nan. Ƙwayar jijiya takan saki glutamet, ya ƙwanƙwasa wata ƙofa a jikin maƙwabciyarta, wadda ake kira NMDA. Ƙofar ta buɗe, kalsiyam ya shiga kaɗan, da haka mutum ke koyo yana riƙe abu. Kafin ƙiftawar ido wasu ƙwayoyi masu suna astrosait sun kwashe ragowar. Idan kwasar ta gaza, ƙofa ta zauna a buɗe, kalsiyam ya yi ambaliya, ya tayar da sinadaran da ke cin ƙwayar daga ciki, ya durƙusar da injinan da ke ba ta ƙarfi. Tana mutuwa kuma sai nata glutamet ɗin ya malala kan na kusa da ita, kamar kunyar fangali ta fashe. A shanyewar ɓarin jiki, idan jini ya yanke wa wani sashen ƙwaƙwalwa, ɓarnar kan fara cikin mintoci. A cutar Alzheimer mai kawo gigin tsufa da ta ALS mai kashe jijiyoyin motsa jiki kuwa a hankali take ci, shekara da shekaru, kuma ba ita kaɗai ke ɓarnar ba.

Yanzu ina aiki a wani ƙaramin asibitin ƙauye. Kwanaki aka kawo mana dattijo mai gigin tsufa, yana ta cigiyar matarsa da ta daɗe da rasuwa. Surukarsa ta sunkuyar da kai, wai dangi sun ce farin magin da take sa wa miya ne ya taɓa shi. Ni ma, in faɗi gaskiya, na taɓa yaɗa wannan magana, tunda farin magi glutamet ne a cikinsa. Tushenta gwajin John Olney ne a Amurka a 1969, amma shi allurar glutamet mai yawa ya yi wa jariran ɓeraye. Wanda aka ci a miya da ƙyar yake ƙetare shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa; daddawa da tumatir ma suna da shi. Na ce ta dai rage gishiri saboda hawan jininsa.

Babban ɗan ya ciro kwalin memantin da likita ya rubuta musu a birni. Maganin yakan ɗan tare ƙofar NMDA ne, ya rage ambaliyar ba tare da ya datse saƙo ba.

"Malama, in ya shanye zai dawo hayyacinsa?"

Na ce, "Alhaji, yana iya sassauta masa, amma abin da ya riga ya mutu ba ya dawowa." Ya daɗe yana juya kwalin a hannu, sannan ya tambaye ni ƙarfe nawa ya fi dacewa a riƙa ba Baba.