Tsohon Karachi da ke wanke gawar da ba ta da mai ita

Akwai wani dattijo da nake yawan gani a bakin tasha idan na yi sammakon fita, kullum a ƙofar shago ɗaya yake kwana kan kwali, takalminsa ne matashinsa. Ban taɓa tambayar sunansa ba, iyakaci in ce baba ina kwana, ya ɗaga min hannu. Wata safiya cikin sanyin hunturu na tarar da mutane sun yi cirko-cirko a kansa, ashe rai ya yi halinsa tun cikin dare, kuma wallahi har rana ta take babu wanda ya taɓa shi, kowa tsoron kada a ce zo ka ba da bayani a ofishin 'yan sanda, har ni da nake wannan rubutu. Wata mai koko ce ta cire mayafinta ta rufe masa fuska.

Tun ranar nake ta tuna Abdul Sattar Edhi, mutumin Pakistan ɗin nan mai dogon gemu da hula da baƙaƙen kaya, wanda ya rasu ranar Juma'a 8 ga Yulin 2016, kwana biyu bayan ƙaramar sallah, yana da shekara 88. Allah ya jiƙansa.

A garin Bantva na jihar Gujarat a Indiya aka haife shi a 1928, da aka raba ƙasar gida biyu, Indiya da Pakistan, a 1947 iyalinsu suka yi hijira zuwa birnin Karachi na Pakistan, kun ga shi ma ya ɗanɗani barin gida. Amma makarantarsa ta gaskiya mahaifiyarsa ce. Tun yana yaro takan ba shi kwabo biyu, ɗaya nasa ɗaya na wani mabuƙaci, sannan yana da shekara 11 shanyewar ɓarin jiki ta same ta, daga baya har ƙwaƙwalwarta ta taɓu, shi ke mata wanka shi ke canza mata kaya shi ke ba ta abinci a baki har ta rasu yana da 19. To yaron da ya shekara takwas yana wannan hidima, me kuma zai ƙyama a jikin ɗan Adam?

A 1951 ya buɗe ɗan ƙaramin ɗakin shan magani kyauta a unguwar Mithadar, unguwa ce mai lunguna kamar cikin birni. Da annobar mura ta ɓarke a 1957 ya kafa tantuna ya roƙi ɗaliban likitanci su zo su taimaka, jama'a suka ga aiki da idonsu suka fara ba shi kuɗi, da su ya sayi tsohuwar mota ya mai da ta motar ɗaukar marasa lafiya, shi ne direba shi ne kwandasta. Wannan mota ɗaya ita ta hayayyafa har masu kundin bajintar duniya na Guinness suka rubuta cewa babu wata ƙungiyar sa-kai a duniya da ta kai tasa yawan irin motocin, yau a Pakistan ka buga 115 su ne za su zo.

Ni dai ba motocin ne suka fi tsaya min a rai ba. Gidajensa ne, waɗanda ake ce wa Apna Ghar, wato gidanmu, inda ake kwaso wanda duniya ta yar, masu taɓin hankali da ke yawo a titi, tsofaffin da 'ya'ya suka gaji da su, yaran da suka gudo daga gida, matan da miji ya kora ba wajen zuwa, 'yan shaye-shaye. Sai kuma gawawwaki. Wanda aka tsinta a kwata, wanda teku ta turo ya kumbura, wanda ya yi kwanaki har 'yan uwansa ma ba sa iya matsowa don wari, Edhi da hannunsa yake wanke su ya sa musu likkafani a yi musu sallah a kai su makwanci. Mu duk mun karanta a Islamiyya cewa suturar mamaci farilla ce da idan wasu suka yi ta faɗi a kan saura, idan kowa ya ƙi kuma kowa ya yi laifi, to wannan bawan Allah ya yi shekara kusan sittin yana sauke wa birni guda wannan nauyi.

Matarsa Bilquis, ma'aikaciyar jinya ce da suka haɗu a wajen aikin, ita ta riƙe ɓangaren jarirai. Suka ajiye gadon jariri mai lilo a ƙofar cibiyoyinsu da rubutu a jiki cewa kada a kashe, a ajiye a nan, babu mai tambayarki ke wace ce. Nan fa wasu malamai suka yi wa Edhi ca, wai yana buɗe ƙofar zina, har akwai masu kafirta shi don yana ɗaukar Kirista da Hindu a motarsa. Gaskiya ni ban ga hujjarsu ba, jaririn da za a tsinta a bola karnuka sun fara ci da wanda za a tsinta a gado da ransa, wanne ya fi kusa da abin da addini ke so? Bilquis ta rasu a Afrilun 2022, dubban yara ne suka tashi suna ce mata mama.

Ga taurin kai kuma, irin mai kyau. Ba ya karɓar kuɗin gwamnati, gara ya zauna a bakin titi yana bara, masu wucewa na miƙo masa canji. A 2015 da aka mayar da Geeta Indiya, wata kurma da ta ɓata ta shigo Pakistan tana yarinya su Edhi suka riƙe ta sama da shekara goma ba su raba ta da addininta na Hindu ba, Firaministan Indiya Modi ya yi wa gidauniyarsa alƙawarin rupi miliyan 10, kuɗin Indiya, Edhi ya yi godiya ya ce a bar shi. Kayan sawarsa kala biyu ne, ɗakinsa na jikin ofis, kuma duk da haka a 2014 'yan fashi suka shiga har wajen suka kwashe kuɗi da gwal na amanar da mutane suka ba shi ajiya, kai ɗan Adam sai a bar shi.

Da ƙodarsa ta gaza a 2013 ya shiga wankin ƙoda, aka yi masa tayin fita waje ya ƙi, ya ce a asibitin ƙasarsa zai yi jinya. Ya bar wasiyya a ba da idanunsa, aka kuwa dasa wa makafi biyu. Gwamnatin da ya ƙi kuɗinta ita ta yi masa jana'izar ban girma a babban filin wasa na Karachi, sojoji da harba bindiga sau 19, manya a sahun gaba, daga nan aka kai shi Edhi Village, wata cibiyarsa a wajen Karachi, aka sa shi a kabarin da ya tanadar wa kansa tun shekara 25 kafin nan.

Shi kuwa dattijon tasharmu, sai wajen azahar wata mota ta zo ta ɗauke shi. Jiya na bi ta wajen da asuba, kwalin na nan a ƙofar shagon, wani saurayi ne kwance a kai ya rufa da buhu.