Whitby, garin da ya ci kasuwar makoki

Daga Middlesbrough na hau jirgin ƙasa, ya bi kwarin kogin Esk yana tsayawa ƙauye-ƙauye har muka iso Whitby, garin masunta a gaɓar teku a arewa maso gabashin Ingila. Iska mai sanyi, ga ƙarnin kifi ko'ina. Yawancin baƙi matakala 199 suke nufa, masu kai mutum kufan tsohon gidan ibada a kan tudu. Ni kuwa a titin Church Street na tsaya, wajen masu sayar da jet, wani abu da ake sassaƙa kayan ado da shi.

Baƙi ne wuluk, ka rantse dutse ne, alhali itace ne da laka ta binne shekara wajen miliyan 180. Wata mai shago ta ɗora mini wata tsohuwar sarƙa a tafin hannu, sai na ji ta sakayau, kuma babu sanyin nan na gilashi. Shi ya sa mata ke iya wuni da manyan duwatsunta a wuya.

Mutuwa ce ta buɗe masa kasuwa. Yarima Albert ya rasu a 1861, matarsa Sarauniya Biktoriya ta shiga baƙaƙen kaya, ba ta fita daga cikinsu ba har ta bar duniya a 1901. Da jet take ado, matan ƙasar suka bi sahu. A zamanin, wadda mijinta ya mutu takan yi shekara biyu cikin baƙi. Mu da muka san takaba wata huɗu da kwana goma ce, kuma ba a kwalliya a cikinta, jin akwai kayan adon makoki ya ɗaure mini kai. A shekarun 1870 fiye da mutum dubu ne ke cin abinci da sassaƙar jet a wannan ɗan gari.

A gidan tarihin da ke Pannett Park na daɗe gaban 'yan kunne da awarwaro masu zanen furanni. A irin wannan ado har kitsattsen gashin mamaci akan ajiye cikin abin wuya. Aikin hannu kam ya yi, amma gashin nan bai kwanta mini ba.

Daga baya jabu ya cika kasuwa, na baƙin gilashi da na roba mai tauri, yayin dogon makoki kuma ya wuce. Yanzu an daina haƙa, a bakin teku ake tsintar abin da ruwa ya zaizayo. Mai shagon ta nuna mini gwajinsu: a goga a tangaran marar sheƙi, jet ya bar layi ruwan ƙasa, kwal kuwa baƙi.