Sauya wa tsohuwar mota lagireto

Sana'ata gyaran lagireto ce da sayar da shi, a wani ɗan shago a Kano, ni da yaran da ke koyo a hannuna. Yawancin motocin da ake kawo mana sun sha duniya: Golf 3 ta 'yan haya, Sharon mai jigilar ƙauyuka, tsohuwar Corolla, sai jefi-jefi Fijo 504, irin wadda a da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna. Da zafin Afrilu ya kankama, rana ta haura digiri 40, aiki ba ya yanke mana. Kusan kowa maganarsa ɗaya ce: "Malam, mota tana zafi, a sa mini dabul sel." Wato lagireto mai layi biyu na bututu.

Ni kuwa ba na saurin kwance lagireto. Sai injin ya huce tukuna, na buɗe murfi, na cika ruwa, na ce a tayar. In na ga kumfa tana ɓulɓulowa ba ƙaƙƙautawa, to gasket ɗin kan injin ne ya ƙone, ko ka sa sabon lagireto dal zafin yana nan. Haka fanka da ba ta tashi, ko wata-famfo, mai zagaya da ruwa cikin injin, da ya cinye. Murfin ma, da ake rainawa, shi ke riƙe ƙarfin iska a ciki. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100, amma murfi mai lafiya, wanda aka rubuta wa 0.9 ko 1.1, yana ɗaga shi zuwa wajen 120. Robarsa na mutuwa mota ta fara zubar da ruwa. Mai tsohuwar mota da ita yake ciyar da gida, ban ga dalilin da zan sa shi kashe kuɗin lagireto a kan matsalar murfi ba.

In an tabbatar lagireton ne, ko ya toshe da tsatsa, ko ya ruɓe har ba ya karɓar liƙi, sai maganar zaɓi. Sharaɗina na farko shi ne a ɗauki tsohon a tafi da shi kasuwa, ko Ƙofar Ruwa ce ko ina. Sunan mota kaɗai ba ya isa, don mota iri ɗaya tana zuwa da injin daban-daban. A jera su biyu a ƙasa, a auna tsawo da faɗi da kauri. A duba bakin tiyo na sama da na ƙasa, wane gefe suke, kuma girmansu ɗaya ne? A duba ƙafafun da yake zama a kai da ramukan da ake ɗaure fanka. Mota mai giyar atomatik takan zo da ƙananan bututu biyu a jikin tankin lagireto, inda man giya ke bi ya huce. Wanda ya sayo na mai giyar hannu ya sa, ya bar bututun nan a toshe ko a haɗe da juna, giyarsa yake dafawa a hankali.

Batun dabul sel nan ne muka fi jayayya da direbobi. Layi biyu yana da amfani ga motar da ke ɗaukar kaya fiye da kima a doguwar hanya, ban musa ba. Amma kauri yana cin wuri. Na ga wanda aka cusa da ƙarfi, tsakaninsa da fanka ko yatsa ba ya shiga. Motar na faɗawa rami fanka ta kafto shi, ruwa ya tsiyaye a kan hanya. Kuma lagireton alminiyam mai layi ɗaya da faffaɗan bututu yakan sanyaya ruwa kamar mai layi biyu da ƙananan bututu. Ƙidayar layi ba ita ce sanyi ba.

Ga motoci irin su 504, raina ya fi kwanciya da na jan ƙarfe. Yana da nauyi, yana da tsada, amma in ya huje sai mu hura wuta mu liƙe shi da dalma, har tankinsa mukan cire mu zura waya mu share bututun ɗaya bayan ɗaya. Na alminiyam mai tankin roba kuwa, in robar ta tsufa ta tsage a wuya, gam ba ya riƙe ta da daɗewa, sai dai a sauya tankin ko a sayi wani.

Kayan Baljiyam, wato na hannu da ake shigowa da su daga waje, suna da kyau in an dace, sai dai su ma robarsu ta yi shekaru. Kafin a biya, a toshe bakunansa, a nutsa shi cikin ruwa, a hura masa iska. Ko kumfa ɗaya ta fito, a ajiye shi. A leƙa ciki kuma, in akwai jan laka ko alamar mai, a bar wa mai shi kayansa.

Ranar da muka ɗaura, nakan wanke hanyar ruwan injin, in sauya tiyon da ya kumbura, in sa sabon murfi. Sannan in roƙi mai motar abu biyu. Na farko, ya daina zuba ruwan rijiya ko na burtsatse zalla, don shi ke haifar da farin dattin da ke toshe bututu. Ya sayi ruwan lagireto mai launi. Na biyu, in an cire masa tamostat, wato abar da ke daidaita zafin injin, da sunan ƙasarmu da zafi, ya bari mu mayar da ita. Sai in ce, "Alhaji, ka dawo bayan mako guda in sake duba maka ɗaurin tiyo, ba sai ka biya komai ba."