Ƙofar wa za a fara sharewa?

Ƙanena da ke Chicago ya turo mini wata taswira a waya cikin Janairu, mu nan Katsina muna shan hazo. Motocin kwashe dusar ƙanƙara ne ke yawo a kanta, kowacce da na'urar GPS. Tun 2012 hukumar birnin ta buɗe shafin, Plow Tracker, don kowa ya ga ko an biyo ta layinsu.

Sai dai mota titi take sharewa. Hanyar ƙafa ta gaban gida, doka ta ɗora wa mai gidan. To tsohuwa 'yar shekara 80 fa, ko mai keken guragu? Ƙanƙarar nauyi gare ta, kwasarta da shebur kan taɓa zuciyar dattijo. Shi ya sa a shekarar suka fito da Snow Corps: a lokacin, mai buƙata ya kira 311, lambar wayar hukumar birnin, a rubuta adireshinsa, a haɗa shi da ɗan sa kai na kusa. Wannan ɓangaren ne ya tsaya mini a rai.

Mu kwata ce matsalarmu. Duk gabanin damina samarin unguwarmu, wajen Ƙofar Marusa, kan fito aikin gayya da shebur da baro, mu yashe leda da yashi. Kullum bakin titi muke farawa, inda za a gan mu a ɗauki hoto. Kafin a kai lungun da wata gwauruwa take, mai katangar ƙasa da gindinta ya zaizaye, rana ta take, kowa ya watse.

Na kai wa mai unguwa maganar mu ma mu rubuta gidajen masu buƙata, kamar na Chicago. Ya ce, "Ai duk na san su, ɗana."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka san su, amma masu shebur ba su sani ba."

Ya yi dariya, ya fara lissafo gidaje ina sa musu alama a Google Maps: ja ga gidan ƙasa da ke gangare, rawaya ga mai tsoho ko maras lafiya. Yawancinsu ba su da babbar waya, don haka kowane gida mun rubuta lambar maƙwabcin da zai kira a madadinsu.

Wani ya ce a jefa taswirar a zaurenmu na WhatsApp. Na ƙi. Jerin tsofaffin da ke kwana su kaɗai ba abin yaɗawa ba ne a wannan zamani. Tana hannun mai unguwa da shugaban samari, kuma bana daga jajayen gidajen za mu fara.