Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Kwalin Indomie da Husufin 2006

Makon jiya mun tsaya a shekarun koyarwata a Jos. Yau labarina zai ɗan dakata, domin masu karatu da dama sun nemi bayanin gwajin da muka yi ranar Laraba, 29 ga Maris 2006, da aka yi husufin rana. Zan kuma taɓo abin da husufin ke nunawa game da Mahalicci. A wasu sassan arewa maso yamma da Nijar rana ta rufe ruf. A Jos wani ɓangare ne wata ya ci.

Kayan aikin ba su da yawa: kwalaye biyu ko uku a haɗa su da salatif har tsawonsu ya kai mita 1, da takardar gwangwani irin ta cikin kwalin sigari, da allura, da farar takarda. A yanke 'yar taga a gefe guda, a manna takardar gwangwanin, a huda ta da tsinin allura sau ɗaya tak. Farar takardar a manna ta a ɗaya ƙarshen daga ciki, a buɗe wurin leƙe a gefe. Mutum ya ba rana baya. Hotonta zai faɗo a kan takardar, faɗinsa wajen milimita 9. Inda ake ɓata aikin shi ne a ramin: yara sai su faɗaɗa shi wai don su ga da kyau, hoton kuwa sai ya dagule. Kallon rana ta gilashin da aka turara da hayaƙi, ko a cikin kwanon ruwa, wannan kasada ce da ido. Tana ƙona shi ba tare da an ji zafi ba.

To, ina maganar Mahalicci ta shigo? Faɗin rana kusan kilomita 1,392,000 ne, na wata 3,474, wato ta ninka shi sau 400. Nisanta daga gare mu kusan kilomita miliyan 150, nasa 384,400, shi ma ninkin ya kusa 400. Shi ya sa suke zuwa daidai wa daida a ido, kamar tukunya da murfinta. Wasu na ɗaukar wannan daidaiton a matsayin alamar tsarin Mahalicci. Mai son ya gwada, ya yanke takarda mai faɗin santimita 1, ya riƙe ta santimita 110 daga idonsa daren 14 ga wata. Za ta rufe watan.

Masu musu suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Nisan wata yana canzawa tsakanin kilomita 363,000 da 405,000, don haka wani lokacin murfin ba ya kaiwa, sai a ga zoben wuta. Sannan madubin da 'yan sama jannatin Amurka suka ajiye a kan wata a 1969 ya nuna watan yana ja da baya santimita 3.8 duk shekara. Sun ce dace ne na ɗan zamani.

Ni dai a ganina, wanda ya jingina imaninsa da 400 ɗin nan kaɗai ya jingina da zana. Abin da ya fi kama hankali shi ne lissafin yana ci. Hanyar wata ta karkace da digiri 5 daga ta rana, shi ya sa ba kowane ƙarshen wata ake husufi ba, amma duk da haka an faɗi ranar da mintin na 2006 tun shekaru kafin ya zo, kuma bai saɓa ba. Wani dattijo maƙwabcin makarantar da ya leƙa kwalin, cewa ya yi: “Malam, ai Suratur Rahman ta faɗa, rana da wata da lissafi suke.” Ya miƙo kwalin ya wuce masallaci sallar husufi.

Mako mai zuwa za mu koma kan yadda aka yi na bar aji.