Jinkirta Sa Yaro Ajin Share Fage: Wa Shekarar Take Amfana, Wa Take Cutarwa

A kowane ajin share fagen shiga firamare, tsakanin babban yaro da ƙaramin cikinsu akwai tazarar da ta kusa wata goma sha biyu. Ranar yanke shekaru da hukumar ilimi ke tsayarwa, wato ranar da ake duba ko yaro ya cika shekarun shiga aji, ita ce take jawo haka. A Ingila da jihohin Amurka da dama ranar ita ce 1 ga Satumba, don haka wanda aka haifa 31 ga Agusta sai ya tsinci kansa aji ɗaya da wanda ya girme shi da shekara guda babu kwana ɗaya. Ga ɗan shekara biyar, wannan kashi ɗaya ne cikin biyar na duk rayuwarsa.

Tazarar kuwa tana nuna kanta. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2018 ya gano cewa a jihohin da ke amfani da 1 ga Satumba, yaran watan Agusta sun fi na Satumba samun shaidar likita ta matsalar rashin natsuwa da ake kira ADHD da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ba watan haihuwa ne ke kawo cuta ba. Da wanda ya girme su ake auna su, sai ƙuruciya ta yi kama da lalura. A Denmak ma an ga cewa yaran da suka fara makaranta da jinkirin shekara sun fi natsuwa a shekara bakwai. Sai dai fifikon maki da babban yaro ke samu a farko yakan ragu yayin da ake hawa aji, don haka mai jinkirta ɗansa domin kawai ya riƙa zuwa na ɗaya, ribar da yake hange ba mai daɗewa ba ce.

Iyaye sukan auna shiri da haddar baƙaƙe da ƙirga ɗaya zuwa ɗari. Malamin aji ba wannan ne damuwarsa ba, koyar da su ai shi ne aikinsa. Abin da yake nema shi ne yaron da zai zauna ya saurari labari na minti goma zuwa sha biyar, wanda za a ce masa "ajiye jakarka, ka wanke hannu, ka dawo ka zauna" ya yi duka ukun ba tare da an maimaita ba. Ya iya shiga banɗaki shi kaɗai, ya gyara wandonsa. Idan ya yi magana, baƙo ya fahimci kusan duk abin da ya faɗa. Ya iya jiran layi, kuma idan wani ya ƙwace masa abin wasa, kukan ya lafa cikin 'yan mintoci. Kukan rabuwa da uwa a makon farko ko na biyu ba komai ba ne; wanda ya kai wata yana kuka har a tashi, shi ne abin dubawa.

Kada a yanke hukunci da gwajin rana ɗaya. A lura da yaron na mako uku ko huɗu, da safe bayan ya ƙoshi kuma ya yi barci, kuma cikin wasu yara, domin da yawa suna da natsuwa a gida amma su rikice cikin taro. Shi kansa barcin a ƙirga shi: ɗan shekara uku zuwa biyar yana buƙatar awa 10 zuwa 13 a cikin awa 24, har da na rana. Yaron da ke kwana awa takwas zai yi ta ƙiriniya da saurin fushi, gyaransa kuwa lokacin kwanciya ne, ba shekara guda a gida ba.

Inda aka fi yin kuskure shi ne a ɗauki lalura a matsayin ƙuruciya. Yaron da ruwa ya taru a bayan dodon kunnensa bayan mura yana jin magana kamar daga cikin rijiya, sai a ce ba ya jin magana, alhali jin ne ba ya yi sosai. Wanda idonsa ba ya gani da kyau zai guje wa zane da littafi. Wanda maganarsa ta yi jinkiri, ko ba ya juyowa idan an kira sunansa, ko ba ya shiga wasan sa'anninsa, jira ba ya warkar da shi, sai ma ya cinye lokacin da taimako ya fi tasiri. Saboda haka kafin a ce "a bari ya ƙara girma", a gwada ji da gani, a kai shi ga likitan yara. Idan an sami wani abu, sau da yawa shiga makaranta tare da kulawa ta musamman ya fi zaman gida.

Wanda jinkiri ya fi dacewa da shi shi ne yaron da haihuwarsa ta faɗo dab da ranar yankewa, lafiyarsa ƙalau, yana ci gaba, amma a hankali. Bakwaini ma haka: wanda aka haifa wata biyu kafin lokacinsa yana iya faɗawa ajin da ba nasa ba da ya cika watanninsa.

To, an jinkirta, me za a yi da shekarar? Finlan da ake yawan kafa misali da ita sai a shekara bakwai ake fara firamare, amma wajibi ne ɗan shekara shida ya yi shekarar share fage. Yaron da aka riƙe yana buƙatar wasa da sa'anninsa sau da yawa a mako, karatun labari na minti sha biyar kullum ana yi masa tambaya, yanka takarda da almakashi, zane, ɓalle maɓalli da kansa. Shekarar da ta ƙare a gaban waya da talabijin asara ce.

Kafin a janye sunansa, a nemi amsar makaranta a rubuce: baɗi ajin share fage zai shiga, ko kai tsaye za a tura shi aji ɗaya tare da sa'anninsa? Wasu makarantu shekarun haihuwa suke bi, sai yaron da aka riƙe don ya shirya ya tsallake ajin da aka tanada domin shirya shi.